Lambar da Ta Rage a Ƙwarya

In ka shiga kasuwar Gwandu ka tambayi Ɗalha mai gyaran agogo, samari za su tsaya suna kallonka, don yau wa ke ɗaura agogo balle ya kai gyara. Amma ka ce Ɗalha Mai Minda, ko mai sayar da barkono zai nuna maka rumfarsa da baki. Minda ita ce lambar yaƙi, irin wadda Turawa suka ba sojojinmu da suka dawo daga Burma. Haka tsofaffi ke kiranta, shi ma haka yake kiranta, kuma in ka kuskura ka ce mata kwabo a gabansa, to kun ɓata ke nan har mako ya zagayo.

Ni taubashinsa ne. Uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, saboda haka ina da lasisin faɗa masa abin da kowa ke tsoron faɗa. Shekara kusan arba'in ina faɗa, bai taɓa ji ba. Mutum ne mai ido, wannan ko maƙiyinsa ya sallama masa. Sauraren mutane ne Allah bai ba shi ba, kuma da haushin wannan nake ba da labarinsa.

Ubansa, Kawu Usman, mutumin Malisa ne. Ya tafi yaƙi yana saurayi, ya dawo da tarin da ba ya jin magani da lambobi uku. Biyu sun tafi a gobarar da ta ci ɗakinsa, ɗaya ta tsira don tana aljihun rigar da ke jikinsa a ranar. Tauraruwa ce ta tagulla mai tsini shida, da kambin sarkin Ingila daga sama, da rubutun Turanci da ya kewaye tsakiyarta. Turawan ba su ga damar rubuta sunan kowa a bayanta ba. Kawu ba ya zancen yaƙi. In ka matsa masa sai ya ce ruwan sama ya fi harsashi yawa a can, ya tashi ya kama alwala. Amma sau ɗaya a shekara, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, yakan maƙala tauraruwar a ƙirji ya tafi Birnin Kebbi fareti. Ana gobe tafiya, 'yarsa Halima Sadiya ke zama bakin murhu ta goge masa ita da toka da ruwan tsamiya, yadda ake goge tasa.

Kawu ya rasu a 1978, ya bar 'ya'ya huɗu: Muzzammil, Lukuman, Halima Sadiya wadda duk muke kira Adda, sai Ɗalha auta, yana da shekara ashirin da uku. Gona ta rabu, shanu sun rabu, har tsohon kekensa an san yadda aka yi da shi. Da aka zo kan tauraruwa sai magana ta tsaya cik. Malamin da ke rabon ya ce a yi mata ƙima a sayar, 'ya'ya suka ce ba da su ba. Babba ya ce shi ne babba, auta ya ce shi ya yi jinya. Nan ne Baffa, ƙanen mamacin, ya kawo dabarar da har yau nake cewa da ya yi shiru da ya fi. Akwai wani maƙerin fari a Kalgo, sunansa Lawal, wanda ya ƙera wa Adda awarwaron aurenta lokacin da aka kai ta Wurogauri. Baffa ya kai masa tauraruwar ya ce ya zuba irinta yadda ba mai bambancewa. Ranar sadakar arba'in aka sa taurari huɗu cikin ƙwarya, aka rufe da faifai, kowa ya zura hannu ya ɗauki rabonsa bai duba ba. Maza suka fara, daga babba zuwa ƙarami. Adda ba ta zaɓa ba ma, wadda ta rage a ƙwarya aka juye mata a tafin hannu.

Ina wurin. Kowa ya tashi yana ganin tasa ce ta ainihi, aka shafa fatiha, aka ce Baffa ya iya sulhu. Shekara biyu bayan nan shi ma ya rasu, ya tafi da yabonsa.

Ɗalha ya koyo gyaran agogo a Sakkwato, ya buɗe rumfa a Gwandu, ya rataye tasa tauraruwar a ƙusa bisa teburin aikinsa. Da abin ya tsaya haka da yanzu ba ni da labari. A 1985 wani malamin firamare, Malam Yohanna mutumin Zuru, ya kawo agogonsa gyara, ya ɗaga kai ya gan ta.

"Ta wa ce wannan, Malam Ɗalha?"

"Ta babana ta. Burma."

"Nawa uban ma ya je. Gobe zan kawo maka tasa ka gani."

Bawan Allah bai yi nufin komai ba sai zumunci. Washegari ya kawo, Ɗalha ya jera su biyu bisa farin ƙyalle, ya maƙala gilashin nan na ido ɗaya da masu gyaran agogo ke sawa, ya sunkuya. Ya daɗe bai ɗago ba. Daga baya ya ba ni gilashin na duba da kaina. A ta Malam Yohanna kowane harafi tsaye yake da kaifinsa, ƙwayoyin kambin kana iya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, don bugun inji ce. A ta Ɗalha haruffan sun kwanta kamar sun sha rana sun narke, fuskarta cike da ƙananan ramuka inda iska ta maƙale a zubi, kuma a tsinin ƙasa ga sawun magagari ɓaro-ɓaro, inda maƙeri ya datse bakin da ya zuba ƙarfen. Shekara bakwai yana gaida zubin Kalgo kowace safiya yana cewa ta ga Burma.

Ranar bai ci tuwo ba. Kafin mako ya ƙare ya je wurin yayyensa maza biyu da gilashinsa, ya tarar nasu ma zubi ne, da ramukansu da sawun magagarinsu. Ni da na ji haka, lissafin bai yi mini wuya ba. Na ce masa uku sun faɗi, saura ta Adda, mu tafi Wurogauri.

Ya dube ni kamar na zagi ubansa. "Wadda maza ukku sunka taɓa sunka bari? Kai ɗan Goggo, kanka ɗaya kuwa? Maƙerin ga huɗu ya zuba, yaɓ ɓoye ta Baba. Shi na ɓarawon."

Ban iya tare shi ba. Ya zaɓi ranar kasuwar Kalgo, ya tsaya bakin maƙerar Lawal ya ɗaga murya har masu kifi suka bar kifinsu suka zo kallo. Bai tambayi mutumin komai ba. Ya kira shi ɓarawon gado, ya kira shi maci amanar mamaci, ya ƙara da waɗanda ba zan rubuta ba. Maƙeri Lawal ya ajiye gudumarsa ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ka gama? To kauce min, ka tare haske." Ya ɗauki gudumarsa ya ci gaba da aiki.

Sai da na yi shekara shida ina masa naci kafin ya duba ta Adda, shi ma don suna ya kai mu Wurogauri. Bayan an ci abinci na sa baki, ta shiga ɗaki ta ɗauko ta daga cikin wata kwalla, a naɗe cikin tsumma. Tana ta ƙyalli. Adda ba ta bar al'adarta ba, kowace Sallah in ta goge tasoshinta sai ta haɗa da ita, haruffan har sun fara laushi. Ɗalha ya karɓa a tsaye, ya sa gilashi, bai kai minti ɗaya ba ya miƙa mata.

"Wagga ta hi dut muni, Adda. Ko rubutun bai hito ba."

"Auta, ta Baba ta," in ji ta, a hankali. "Hannuna ya san ta. Tun kana goye nika gogar ta."

"Hannu ba ya gani, Adda. Gilashi ka gani."

Mutanen da ke wurin suka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta naɗe abarta ta koma ɗaki, kuma daga ranar ba ta ƙara ta da zancen ba, shi ma bai ƙara ba. Suna gaisawa a biki da rasuwa, shi ke nan. A lokacin gwaji ɗaya Ɗalha ya ɗauka da muhimmanci, kaifin haruffa. Bai juya ta ba, bai duba tsinin ƙasa ba, don tun kafin ya karɓa ya gama yanke mata hukunci.

Tunda ya ƙudurta cewa maƙeri ya sayar da ta ainihin, sai ya ce to tana wani wuri a ƙasar nan, kuma sai ya nemo ta. Na tambaye shi yadda zai gane ta, abin da babu suna a jiki, kuma dubbai aka buga iri ɗaya. Ya ce in ya gan ta zai san ta. Na ce ai haka Adda ta ce aka yi mata dariya. Ya ce in bar masa rumfa.

Haka Ɗalha mai agogo ya zama Ɗalha Mai Minda. Duk ƙauyen da ya ji an ce akwai gidan tsohon soja, sai ya kulle rumfa ya hau babur. Ni ke tuƙa shi, don in shi ya tuƙa tunaninsa na Burma, babur na cikin gonar mutane. Mun shiga Malisa gida-gida, mun je Dangoma, mun je Jega da Argungu, har Zuru mun kwana uku da wasiƙar Malam Yohanna a aljihu. Wasu su sayar masa, wasu su bari ya duba kawai. Ya samo wani tsohon akwatin ƙarfe ya shimfiɗa masa ƙyalle, ya raba shi gida biyu, dama na 'yan asali, hagu na jabu. Jabun ma yana tara su, wai don ya san halinsu.

Kuma ya san shi, ba zan rage masa ba. Ya gano cewa jabu iri-iri ne. Akwai zubin maƙeranmu, irin nasa. Akwai waɗanda tsofaffin sojojin da kansu suka saya bayan yaƙi, da nasu suka ɓace kuma ba su son zuwa fareti ƙirji wayam. Waɗannan yana jin nauyinsu, yakan ce mai su dai ya je, ko ita ba ta je ba. Sai na baya-bayan nan da dillalai ke shigowa da su, sababbi fil, a turbuɗe su cikin takin shanu wata guda su yi duhu, a ce an tsince su a akwatin kaka. Wani lokaci ma masu yin su sun buga shaida a baya cewa kwaikwayo ce, dillali ya sa magagari ya share. Ɗalha yakan karkata irin wannan ga rana ya nuna maka ɗan kwarin da sharewar ta bari. Ya sayi ƙaramin sikeli irin na masu zinari. Ya koyi duba mariƙin da zobe ke shiga, ko tare aka buga shi da jikin tauraruwar ko liƙa shi aka yi. Ƙyallen da ake rataye ta da shi ma bai tsira ba: ya zare zare ɗaya ya kai bakin ashana, na da ya ci ya zama toka, na yanzu ya dunƙule ya yi warin roba.

Gwajin da ya fi so ya same shi ne da tsautsayi, wajen shekarar 2000, ranar da akwatin ya suɓuce masa bisa daɓen siminti. Ya ji wasu sun yi ƙara siririya mai tsawo, wasu sun faɗi ƙwas sun yi shiru. Ya tsince su ya dinga sakinsu ɗaya-ɗaya har la'asar. Bugun inji tana amsawa, zubi ba ta amsawa. Ya nemo wani faffaɗan dutse ya ajiye ƙarƙashin tebur don wannan aiki kawai.

Ranar na ce masa, to ga sabon gwaji, mu je mu saki ta Adda bisa dutse mu ji. Awa biyu ce a mota, a biya ta Birnin Kebbi. Ya ce shari'ar da ya yanke ba a ɗaukaka ƙara. Mutumin da ya sa na kai shi Zuru bisa babur don lambar kakan wani, ya ƙi zuwa gidan yayarsa. Na maimaita masa wannan magana ya fi sau ashirin a shekarun da suka biyo, har ya zama in na ce Wurogauri sai ya kunna rediyo.

Bakinsa kuwa bai san lallashi ba. Wani dattijo ya taso daga Dangoma da lambar kakansa cikin jakar fata, da 'ya'yansa biyu a bayansa, yana so a tabbatar masa a gabansu. Ɗalha ya sake ta bisa dutse, ta ce ƙwas. Ya ce, "Kakanka soja na, ban musa ba. Amma wagga ko Jega ba ta taɓa wucewa ba." Na taka masa ƙafa ƙarƙashin tebur, ya ce in daina taka shi. Akwai gidajen da har yau in sun hango mu sai a ce maigida ba ya nan. In na yi masa faɗa sai ya ce shi bai taɓa ƙarya a kan minda ba, kuma ba zai fara da tsufa ba.

Agogo ya mutu, waya ta kashe shi. Rumfar ta koma wurin zaman Ɗalha da akwatinsa. A ɓangaren dama ya tara taurarin Burma na asali arba'in da uku, kowace ya ɗauke ta ya juya ya ce ba ita ba ce. Ban san abin da yake jira ya gani ba, ina jin shi ma bai sani ba.

Bara yanar ido ta fara rufe masa gani. Da farko ya ɓoye, sai na lura yana kai lamba har kan hancinsa. Wata rana na gan shi ya sa wani zubi da ko ni na gane a ɓangaren dama. Ban ce komai ba, amma ya ji shiruna. Ya lalubo ta, ya sake ta bisa dutse, ta ce ƙwas.

"Ɗan Goggo," ya ce, "idona zai tahi ban karanta mindar Baba ba."

Wannan ne karo na farko da tausayinsa ya rinjayi haushinsa a zuciyata, kuma shi ya sa na yi masa dabara. Likitan ido a Birnin Kebbi ya sa masa ranar aiki, ya ce ya zo gwaji mako biyu kafin nan. Da muka fito daga gwajin na ce mu leƙa Kalgo in sayi busasshen kifi. Ba ya gani sosai, yana riƙe da hannun rigata, sai da muka yi sallama a zaure ya ji muryar da ta amsa sannan ya gane inda na kawo shi. Ya ja da baya. Na ce in ya fita shi kaɗai zai nemi tasha.

Maƙeri Lawal ya tsufa ƙwarai, ya bar ƙira tuni. Muka gaisa, na ce Baba Maƙeri, wurinka muka zo, a yi haƙuri da mu.

"Shekara talatin da tara ina jiran mutumin ga shi tambaye ni," in ji shi. "Zagi ya kawo min wancan karon. In tambaya ta yau, shi yi da bakinai."

Ɗalha ya ce, "Nawa kaz zuba?"

"Ukku. Baffanku tsohuwar tasar tagulla guda ya kawo min, ita nin narka. Ukku ta hitar, ko na so ta huɗu babu ƙarhe. Ukku da uwarsu, huɗu. Ɗiyan mamaci nawa na?"

"Huɗu."

"Nawa kag gani da sawun magagarina?"

Ɗalha ya ce, "Ukku."

"Ta huɗun hwa? Ka duba tsininta na ƙasa? An ce min kai na mai jehwa su bisa dutse. Ka jehwa ta?"

Ni kuwa ina zaune ina cizon leɓe, don abin da tsohon ya faɗa cikin minti biyu shi nake faɗa tun gashina na baƙi.

Daga ƙarshe Ɗalha ya ce, "Ka gahwarce ni, Maƙeri."

"Na yahe tuni, don in samu barci. Amma kasuwar da kat tara min, wa zai tara ta shi hwaɗa musu? Rabinsu sun mutu suna ce min ɓarawo."

Daga Kalgo muka hau babura biyu zuwa Wurogauri. Mun tarar da Adda a tsakar gida tana tsince shinkafa da lalube, don ita ma idon ya yi rauni. Ta ji muryarsa ta ce, "Auta? Wa ya rasu?" Ya ce ba kowa. Ya durƙusa ya gaishe ta yadda ban taɓa ganin ya yi ba, ya ce minda ya zo gani, in ta yarda. Ba ta ja masa rai ba, ni da na so ta ja. Ta dafa bango ta shiga ɗaki, ta fito da kwallar nan dai, ta warware tsumman ta sa masa a hannu.

Ni na fara gani. Tana ƙyalli kamar zinari, amma babu kome a fuskarta. Babu kambi, babu harafi. Tsinayen shida sun dakushe, tsakiyar ta zama ɗan tudu sumul, kamar sabulun da ya kusa ƙarewa. Ɗalha yana shafa ta da babban yatsa yana neman abin da zai kama.

"Tun randa kac ce rubutun bai hito ba," in ji Adda, "nic ce ƙila datti na yar ruhe shi. Sai nid daina jiran Sallah, kowace Juma'a nika gogewa. Da toka ta kasa, sai niƙ ƙara da yashin gulbi. Ina jiran shi hito in aika maka ka zo ka gani."

Shekara talatin da uku ke nan, kowace Juma'a. Adda ba ta yi boko ba, ba ta taɓa sanin abin da haruffan ke cewa ba. Abin da ta sani, in tasa ta dushe ana goge ta zanenta ya fito.

Akwai dutsen niƙa a gindin rumbunta. Ɗalha ya ja jiki zuwa wurin, ya ɗaga tauraruwar kamar taƙi ɗaya, ya sake ta. Ta amsa. Ƙara siririya mai tsawo, har kajin da ke tsakar gida suka ɗaga kai. Ya lalubo tsinin ƙasa, ya lalubo mariƙin zoben, sannan ya zauna a ƙasa daɓas da farar rigarsa.

"Ya hito?" Adda ta tambaya.

"Ta Baba ta, Adda."

"Wannan na hwaɗa maka tun ina da haƙora. Rubutun nika tambaya."

Abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Kak ki ƙara gogewa, don Allah."

Ta ɗauka idonsa ne ya hana shi gani. Ta naɗe ta cikin tsumman ta danƙa masa. "Aro na, ba kyauta ba. In anka gyara ma ido ka karanta, ka maido min, ka hwaɗa min abin da yac ce."

An yi aikin, kuma an dace. Ranar da aka cire masa bandeji abin da ya fara gani shi ne hulata ta yi datti, ya kuma faɗa. Mako na gaba ya koma Kalgo ranar kasuwa, ya tsaya inda maƙerar take a da, yanzu shagon cajin waya ne, ya ɗaga murya ya ce Maƙeri Lawal ba ɓarawo ba ne, shi Ɗalha ne ya yi masa ƙazafi. Matasa suka dube shi, wani ya tambaya wane ne Maƙeri Lawal.

Da likita ya yarda ya koma aiki, na same shi a rumfa da hantsi ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya sa gilashi a idon da aka gyara, ya sunkuya bisa tauraruwar ubansa. Ya karkata ta ga rana, ya juya ta, ya sake karkatawa. Na je na yi cefane na dawo yana nan. Da aka kira azahar ya cire gilashin.

"Ko harahi guda babu," ya ce.

A gefensa akwatin na buɗe, taurari arba'in da uku na iyayen wasu, kowace da rubutunta tsaf. Wadda ya ba rayuwarsa nema ce kaɗai babu mai tara lambobi a duniya da zai karɓa ko kyauta, kuma da ya juya ta sau ɗaya a 1991 da ya same ta da kambinta.

Adda ta aiko sau biyu tana tambayar abin da rubutun ya ce. Na ce masa ai iri ɗaya ne a jikin dukkansu, ya karanta na wata ya je ya faɗa mata, tsohuwa ta samu natsuwa. Ya ce wannan ba karatun ta Baba ba ne, kuma shi bai taɓa faɗin abin da ba haka ba a kan minda. Na ce ya taɓa, sau ɗaya, a Wurogauri, a gaban mutane. Wannan karon bai ce in bar masa rumfa ba, bai kunna rediyo ba. Ya ci gaba da shafa ta da yatsa, ɗan aiken Adda na zaune bisa benci yana jiran amsa.